Lambar da Ba a Faɗa a Bakin Shari

Ranar wata Talata ce a ƙarshen damina, lokacin da kogin Shari yake cika har yana lasar buhunan yashin da mutanen unguwar Sabangali suka jera a bayan gidajensu. Adawiyya ta sauke tuwo, ta kai wa mijinta Muntaka ruwan zafi a ɗaki. Kwanansa huɗu ke nan a kwance, zazzaɓi yana kaɗa shi.

Aikin Muntaka shi ne duba ma'aunin ruwa. Wani dogon ƙarfe ne fari da aka kafa a gefen matakalar siminti a bakin kogi, an zana masa lambobi. Kullum da magariba sai ya sauka ya duba inda ruwa ya kai, mutanen wata tsohuwar madatsa mai ba da lantarki a can saman kogin su kira shi ya faɗa musu. Da lambarsa suke sanin ko za su buɗe ƙofofin madatsar su rage mata nauyi, ko su riƙe.

"Malam," in ji Adawiyya, "kwana huɗu ina jin ka kana ce musu shida da rabi. Daga kan gadon nan kake ganin kogin?"

Ya juya fuska wajen bango. "In na ce ba ni da lafiya, wani za su ba aikin."

"To yau fa?"

Ya juyo ya dube ta. Sannan ya ce, "Bangon madatsar ya tsufa, yana tsatsafa. Sun ce yau in lamba ba ta kai bakwai ba, za su buɗe."

Adawiyya ta dubi ƙofar ɗakin baya. 'Yarsu Bahijja tana ciki da jaririyar kwana goma sha biyu, kuma bangon ɗakin nan shi ne jingine da buhunan yashi. Tun jiya ta ga danshi ya hau gindin bangon, ba ta gaya wa kowa ba.

"Ba ni wayar."

"Ke da lamba sai kin bi ta da yatsa?"

"Ai da yatsan nake kiran ka in ka daɗe a majalisa. Ba ni."

Ya miƙa mata, amma bai saki ba. Hannunsa zafi rau.

"Ki yi sallama kafin ki sauka. Ki duba da ido, ki riƙe a ranki. Kada ki faɗi lamba a bakin ruwa, sai kin hau tudu."

"Don me?"

"Haka Malam Audu ya koya mini, wanda na gada. Ni ma ban tambaya ba."

Ta yafa mayafi ta fita. Lungun duk warin taɓo da hayaƙin gawayi. Masu sayar da kifi sun kwashe tirensu. Ta bi ta kan buhunan yashi tana dafa bango, har ta iso kan matakalar. Rana ta faɗi, sai ja-ja da ya rage a sama ta wajen garin Kusseri. Wani kwale-kwale ɗaure a gungume yana bugun siminti a hankali, babu kowa a ciki.

Ta yi sallama. Kwaɗi suna ta kuka, sauro ya yi mata rumfa a ka.

Ta cire takalmi ta fara sauka. Simintin da santsi. Matakala tara kawai ta taka, ruwa ya taɓa mata yatsun ƙafa, ga shi da ta san Muntaka yana cewa ashirin yake sauka. 

Ƙarfen yana nan a damanta, tsatsa ta ci gefensa. Ta haska shi da fitilar waya. Tun tana aji uku aka cire ta daga lakwal, wato makarantar boko, kuma har yau in za ta karanta lamba sai ta ɗora yatsa a kai baki ya taya ta. Ba ta ma san ta yi ba. Ta ɗora yatsa a kan babbar lambar da ke dab da ruwa.

"Bakwai."

Kwaɗi suka yi shiru. Gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki.

Daga can tsakiyar kogi wata murya ta ce, "Bakwai."

Muryar tsoho ce, a jiƙe, kamar mai magana da ruwa a baki. Adawiyya ta ɗaga fitila. Ba jirgi, ba mutum. Ta ce a ranta amsa-kuwwa ce. Ta mayar da ido kan ƙarfen, sai ta ga bakwai ɗin babu. Ruwa ya shanye ta, har da kan yatsanta.

Ta ɗauka ita ce ba ta duba daidai ba. Ta matsa yatsa zuwa zanen da ke sama.

"Bakwai da goma."

"Bakwai da goma."

Wannan karon muryar ta matso, tana wajen kwale-kwalen. Ruwan ya tashi ba igiya ba ƙara, ya rufe zanen, ya kama mata idon sawu. Sanyinsa ba irin na kogi ba ne. Irin na ƙasan rijiya ne.

"Bakwai da ashi…"

Ta toshe bakinta da hannu. Sai a lokacin maganar Muntaka ta dawo mata.

"Da ashirin," muryar ta ƙarasa mata, daga bayan ƙarfen.

Ruwa ya hau ƙwauri.

Ta juya za ta hau. Ƙafafunta suka ƙi. Ba taɓo ba ne, siminti ne a ƙarƙashinta, amma wani abu ya kwanta a kan tafin ƙafarta, mai laushi, mai nauyi. Tana jin yatsu. Sun fi biyar.

Warin ruɓaɓɓiyar ciyawa ya cika mata hanci. Can cikin unguwa ladan ya fara kiran salla, muryarsa ƙanƙanuwa kamar daga wani gari. Ta buɗe baki za ta yi addu'a, harshe ya manne.

"Ci gaba," in ji muryar, a hankali. "Saura nawa?"

Ta girgiza kai.

"Mijinki ba ya magana. Wanda ya gada ma ba ya yi. Na daɗe ban ji ba."

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Saura kaɗan ta faɗa ruwa. Ta danna ta kai kunne.

"Muntaka, nawa?" Wani mutum ne da Larabci, a gajiye, ana jin ƙugin inji a bayansa.

"Matarsa ce," ta ce da raɗa. "Kada ku buɗe. Ruwa ya yi yawa."

"Madam, yawa ba lamba ba ne. Nawa?"

"Ku ba ni minti kaɗan in hau sama."

"Mutanena suna kan ƙofa tun ɗazu, hannunsu a kan ƙarfe. In babu ta yau, da ta jiya za mu yi aiki. Shida da rabi."

"Ƙarya ce, ba haka ba ne."

"To nawa ne?"

Wani numfashi mai sanyi ya sauka a bayan wuyanta. Mayafinta ya jiƙe daga kafaɗa, ɗigo yana bin bayanta.

Ba ta waiwaya ba.

Ta san in ta faɗa, ruwan zai karɓa. Ta san muryar ba ta da sauran wurin matsowa.

Ta tuna danshin gindin bango, da tabarmar da jaririyar take kwance a kai.

"Madam?"

Ta dubi ƙarfen. Ta ɗora yatsa.

"Bakwai da talatin."

"Bakwai da me? Muntaka ya haukace ne? Kai, Lukumanu, ku saki ƙarfen nan, kada ku taɓa ƙofar!"

Sauran ba ta ji ba.

"Bakwai da talatin," aka faɗa a cikin kunnenta, leɓe yana taɓa fatar.

Ruwa ya doki gwiwarta. Hannayen suka saki ƙafa suka kama zane, suka ja.

Ta faɗi a kan matakala, haɓarta ta bugi siminti. Wayar ta tafi.

Ruwa a ƙugu. Ruwa a ƙirji.

Ta lalubi ƙullin zanen ta fizge shi.

Zanen ya sulale ƙasa kamar an zare shi daga igiya. Ta rarrafa, gwiwa da hannu, ɗaya, wata, wata, ba ta ƙirga ba. Da bakinta ya buɗe, sunan Allah ne ya fito, da jini.

A kan buhunan yashi ta tsaya, daga ita sai siket na ciki da mayafi. Kwaɗi suka ci gaba da kukansu. Kwale-kwalen yana bugun siminti kamar ɗazu.

Ba a buɗe madatsar a ranar ba. Sai bayan kwana shida, da kogi ya ja baya, suka riƙa sakin ruwan kaɗan-kaɗan. Danshi ya hau bangon ɗakin Bahijja har tsawon kamu biyu, ya tsaya nan. Muntaka ya rasa aikin, kuma bai yi gardama ba. Da ya warke ta ba shi labari.

"Malam Audu ya taɓa ce mini," in ji shi, "tun kafin a kafa ƙarfen nan akwai mai auna kogin. Shi bai iya karatu ba. Abin da ya ji an faɗa, shi yake cikawa."

"Ka ce ba ka tambaya ba."

"Tsoro na ji ki ƙi zuwa."



Tun daga nan Adawiyya ta daina faɗin lamba. A kasuwa da yatsu take nunawa, mata suna yi mata dariya suna cewa ta zama bebiya. In an tambaye ta ƙarfe nawa, sai ta ce a duba waya.

Sau ɗaya ta yi suɓul da baka. Maƙwabciyarta Talatu ta shigo da hantsi tana wasa da jaririyar, ta ce, "Watan 'yar nan nawa yanzu?"

Adawiyya tana tsintar shinkafa, hankalinta yana wani wuri. Ta ce, "Huɗu."

A kusurwar tsakar gida akwai randa ginin garin Gawi, wadda tun safe ruwanta bai kai rabi ba. Murfin ya ɗaga kaɗan. Ruwa ya fara bin gefenta yana sauka ƙasa.

Talatu ta ce, "Wa ya amsa miki?"