Akwatin Mai Gyaran Agogo

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya sha dalma!"

Da rana tsaka Gatari ya banke ƙofar shagon gyaran agogo, bindiga a hannu, Tsito na biye da shi. Makaniki na waje cikin mota. Shagon na kawun Makanikin ne, shi ya kawo aikin.

"Baba, akwatin ƙarfen nan!"

Tsohon mai shagon ya rungume shi. "Ɗana, babu abin da zai amfane ka a ciki..."

Gindin bindiga ya sauka a ƙeyarsa. Ya zube cikin agogunansa.

A garejin Makaniki suka fasa kwaɗon. Gatari ya yi turus. Takardun kuɗi ne, kowace cikin ledarta, amma irin waɗanda aka daina karɓa tun ba a haife shi ba.

Ya shaƙe Makaniki. "Su ne miliyoyin? Na fasa kan tsoho saboda takardar da ko ashana ba ta saya? Ni za ka mayar ɗan iska?"

"Oga, wallahi kuɗi na ji ana cewa! Ku je ku ɓuya, ni zan ƙone tarkacen."

Gatari ya tofa masa yawu, ya fice.

Bayan kwana uku, da hantsi, 'yan sanda suka zagaye ɗakinsu. Tsito ya yi taga — tau! Bai sake motsi ba. Aka jefa Gatari bayan mota da ankwa. Ga Makaniki a ciki, fuska a kumbure.

"Mutuminka bai ƙone komai ba," in ji Sufeto. "Wurin dillalin masu tara tsofaffin kuɗi ya kai su. Guda ɗaya a ciki ta fi motarku tsada. Dillalin kuwa shekara ashirin yana roƙon tsohon ya sayar masa, har lambobinsu ya haddace. Shi ya kira mu."

Gatari ya zabura, sarƙa ta fizgo shi. "Ashe ka sani! Munafuki, ka sani!"

"Gidan tarihi Kawu zai kai su, kyauta!" Makaniki ya daka tsawa. "Mu danginsa mu ci ƙasa?"

"Kawun naka ya cika ɗazu a asibiti," Sufeto ya ce. "Magana ta koma kisan kai. Wa ya buge shi?"

Makaniki ko ƙifta ido bai yi ba. Ya nuna Gatari da haɓa.