Ɗan Wasan Da Bai Iya Sallama Ba

A watan Oktoba na shekarar 2009, Rafi'u ya shiga wani ƙaramin asibiti a unguwar Aziziyya ta Jidda yana ɗingishi. Budurwar da ke karɓar marasa lafiya tana waya da Hausa mai gauraye da Larabci. Da ta gama, sai ya lalubo kalmomin da rabonsa da su tun rasuwar mahaifinsa.

"Sannu da aiki."

Ta dubi farin saurayin, ta dubi iƙamarsa, katin zamansa a ƙasar. "Mutumin Italiya? Wa ya koya maka Hausa?"

"Babana. Bazazzagi ne. Karatu ya kai shi Perugia, ya auri mahaifiyata."

"To, Hausarka ta fi gwiwarka lafiya, amma da kaɗan. Yalla, zauna."

Sunanta Mastura, haifaffiyar unguwar Nuzla. Gwiwar ta warke tun kafin ƙarshen shekara, amma zuwa asibiti bai ƙare ba.

Rafi'u bai taɓa buga wa manyan ƙungiyoyin da ake gani a talabijin ba. Ɗan wasan baya ne a rukuni na huɗu da na biyar na ƙwallon Italiya, waɗanda a zamaninsa ake kira Serie C2 da Serie D. A can kwantiragi yakan ƙare ne a ƙarshen Yuni, don haka kusan kowace shekara sai ya sauya gari da riga, daga Umbria zuwa Sicily, daga nan zuwa Sardinia, har ƙungiya goma sha ɗaya. Da bai sami mai ɗaukarsa ba a wannan shekara, sai ya karɓi aikin koyarwa a wata makarantar ƙwallo a Jidda.

Masu irin wannan rayuwa suna da wata al'ada: ba sa sallama. Bayan wasan ƙarshe kowa yakan ɗauki jakarsa ya ce sai an dawo atisaye, ko da ya san ba zai dawo ba. Ba sa kuma faɗin abin da suke shiryawa sai ya tabbata, don sun camfa cewa faɗa yana lalata shi.

Rafi'u ya riƙa aiko wa Mastura da saƙo: "Zuciyata, na zauna a garuruwa da yawa, amma yau na fara sanin sunan maƙwabcina. Ke kika jawo."

Ita kuma ta amsa: "Baturena, saura ka san hanyar gidanmu. Abuya yana zama a ƙofa bayan la'asar."

Da ya je neman aurenta, mahaifin nata, Alhaji Abdulghaffar, ya saurare shi da mutunci, sannan ya ce, "Yaro, ban ga aibu a addininka ko halinka ba. Amma wanda ya bar gari goma sha ɗaya, me zai hana shi barin na goma sha biyu? Ga ɗan uwanta Mahmud yana nemanta, shagonsa a Ammariyya tun na ubansa bai gusa ba. Ka ce a Yuni kuke tashi. To, bari Yuni ya wuce mu gani."

Ana cikin Yunin 2010, tsohon kocin da ya fara sa Rafi'u a fili ya kira shi: akwai gurbi na shekara biyu, dama ta ƙarshe ga mai shekara talatin da biyu. Rafi'u ya riga ya yanke shawarar ƙi, amma yana ganin rashin kunya ne ya faɗa wa dattijon ta waya. Yana kuma son neman albarkar mahaifiyarsa. Ya nemi izinin kafilinsa, mai ɗaukar nauyin zamansa, ya hau jirgi zuwa Italiya, bai gaya wa kowa ba.

Mahmud ne ya kawo labarin tafiyarsa Nuzla. Alhaji ya dubi 'yarsa kawai.

Ta rubuta masa: "Rafi'u, na tsaya gaban Abuya na rantse a kanka. Ko ɗan haya yana sallama. Halas, shi ke nan."

Amsa ta zo nan take: "Ya ƙalbi, zuciyata, barin ƙwallo na zo yi, ba barinki ba. Na ji tsoron in na faɗa abin zai lalace. Ina dawowa."

Ba ta amsa ba.

Ya dawo a farkon Yuli, Alhaji ya ƙi fitowa. Sai Hajiya Turai, mahaifiyar Alhaji, wadda ta haura tamanin, ta sa aka shigo da shi, ta kuma aika a kira ɗanta.

"Kai ne mijin nawa mai gudu?" ta ce. "Me ka je yi?"

Ya zayyana mata komai, kansa a ƙasa.

"Da ka ƙi aikin, me tsohon ya ce?"

"Ya ce ni mahaukaci ne, Hajiya. Sannan ya rungume ni."

"Duka biyun ya yi daidai." Ta juya ga ɗanta. "Abdulghaffar, ubana ya bar Kano da ƙafa. Ya yi dako a Fort Lamy, ya yi noma a Abeche, ya tsinci auduga a Jazira, inda aka haife ni, ya jira jirgin ruwa a Sawakin. A kowane zango an ce ba zai zauna ba, kuma gaskiya ne, don bai iso inda ya nufa ba. Da ya iso Jidda, ka taɓa jin ya sake tashi? Wannan yaron an buɗe masa ƙofar garinsu, ya rufe da hannunsa ya dawo. Mahmud kuwa ba a taɓa kiransa ko'ina ba, balle mu san ko zai tafi."

Alhaji ya ce, "Amma ya sa 'yata kuka, Inna."

"Wannan kam laifi ne, sai ya biya." Ta ɗaga murya: "Mastura, na san kina bayan labule. Me za a yanke masa?"

Muryar Mastura ta fito daga bayan labule. "Ya yi alkawari a gabanku. Ko burodi zai fita saye, ya gaya mini."

"Na yi alkawari," in ji Rafi'u. "Zan faɗi inda za ni, da lokacin dawowa."

"Ya faɗa da Hausa, Hajiya. Ta fi yi masa wuya, ba zai manta ba," in ji Mastura.

Alhaji ya kawar da kai don kada a ga murmushinsa.

An ɗaura aure a watan Shawwal, a masallacin unguwa. Mahmud ya halarta, ya yi wa ango musafaha. Da aka kai amarya Aziziyya, Hajiya Turai ta haɗa hannayensu cikin nata.

"Allah Ya sa wannan ne zangon ƙarshe. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

"Amin," in ji Rafi'u. Ya miƙe zai raka ta mota, sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya juyo. "Mastura, zan sauka ƙasa. Yanzu zan dawo."

"Allah Ya kiyaye hanya," ta ce, tana dariya cikin hawaye.