Ranar da Ƙofar Jirgi ta Rufe a Osaka

Mujahida na durƙushe a tsakar falo tana jera kaya cikin akwati, tana murmushi ita kaɗai, sai aka turo ƙofa.

"Ina Hatim ɗin?"

Hajiya Rakiya ce, uwar mijinta, ta hauro daga sashenta na ƙasa. Abir, ƙanwar Hatim, na biye da ita tana danna waya. Mujahida ta russuna ta gaishe ta. Hajiya ta amsa da Larabci a taƙaice, idonta na kan akwatin.

Hatim ya fito daga ɗaki yana gyara hannun riga. "Ummi, da kin aiko ai ni zan sauko."

"Na ji an ce Japan za ka. Ka bar ni a nan unguwar Kudai ni da bango ke nan?"

"Haba Ummi, mako biyu ne fa. Tun bikinmu na yi mata alkawari, aiki ne ya hana."

"Wallahi ƙafata ƙafarku!" Abir ta ce tana tsalle. "Duk ƙawayena sun je sun yo sayayya, ni kaɗai na rage. Ummi, ki gaya masa!"

"Halas, an gama," in ji Hajiya. "Da mu za a."

Hatim ya dubi matarsa, ya dubi mahaifiyarsa, ya sunkuyar da kai. "To, Ummi."

Mujahida ta ci gaba da jera kayanta. Ita 'yar Nakkasa ce, wata unguwar kan dutse a nan Makka, a can aka haife ta, iyayenta Hausawan Cadi ne masu ƙaramar sana'a. Da aka rushe unguwarsu suka tattara suka koma Injamena, suka bar ta a hannun Hatim da aure, don shi ya ce ya ji ya gani. Danginsa kuwa tun kakanni suke Makka, 'yan ƙasa ne, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu. Hajiya ba ta taɓa zaginta ba, amma ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Wannan tafiya ita Mujahida ta sa wa rai, ko ta sami mijinta ita kaɗai na 'yan kwanaki.

Osaka ta tarbe su da yayyafi da fitilu da mutane kamar ranar Arfa, sai dai su waɗannan ba mai duban wani. Tun a filin jirgi aikin kowa ya fito. Hatim na gaba da taswira a waya, Hajiya na riƙe da hannunsa, Abir na neman inda za ta tsaya ta yi kyau. Mujahida ce a baya da jakunkuna.

"Mujahida, ɗauke mu hoto! A'a, ki ja baya, fadar ta fito duka. Yawwa. Sake ɗaya!" in ji Abir.

Ta ɗauke su a gaban tsohuwar fadar Osaka mai koren rufi. Ta ɗauke su a kan gadar Dotonbori, allunan talla na walƙiya a ruwa. Ta ɗauke su a garin Nara, barewa na jan gefen abayar Hajiya, Abir na ƙyalƙyala dariya. Wayar Mujahida ce ta fi ɗaukar hoto da kyau, don haka kullum tana aiki, kuma da an gama Abir ke karɓe ta ta zaɓi waɗanda za ta tura wa ƙawayenta.

A doguwar kasuwar Shinsaibashi mai rufi suka wuni biyu. Abir ta jido mayukan fuska da takalma, Hajiya ta sayi kofunan shayi na tangaram da lema mai zanen furanni. Mujahida ta tsaya gaban wani ɗan mayafi shuɗi, ta shafa shi, ta ɗago za ta nuna wa Hatim, sai ta hango ƙeyarsa can nesa yana taya Ummi zaɓen turare. Ta mayar da mayafin inda yake.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne shirun garin. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa wuni ba ta ji kiran salla ba. A nan sai dai waya ta yi ƙara a aljihu in lokacin salla ya yi. Ko a gidan abincin halal da suka samu, hira da Larabci ake yi da sauri, ana ambaton dangi da bukukuwan da ba ta sani ba. In ta sa baki, Abir ta gyara mata furuci tana dariya. Sai ta koma kallon taga, tana tunanin ko yanzu innarta na me a Injamena.

Wata safiya bayan sun idar da salla, Hatim na ɗaure takalmi zai je ɗakin Ummi, ta ce, "Ina da magana."

"Ki bari mu dawo, habibti. Abir na jira."

"Kullum wani na jira, Hatim. Ni ma jira nake." "Tun da muka zo ka taɓa tambayata abin da nake son gani? Ni ba na ƙin Umma, Allah ya sani. Amma ni a gidanku mece ce? A Makka ba ni da kowa sai kai, a nan ma ba ni da kowa sai kai, kai kuma ba ka nan!"

"To me kike so in yi? Uwata ce! In ce ta koma?"

"Ban ce ba. In mun koma dai, ka kai ni wurin iyayena."

Hatim ya tsaya cak. "Kin san abin da kike faɗa?"

Hawaye ya zubo mata. Aka buga ƙofa. "Yalla, za mu makara!" in ji Abir. Hatim ya juya ya fita.

Ranar nan wata babbar kasuwa ta bayan gari suka je, suka dawo da kaya niƙi-niƙi. Jirgin ƙasan da suka shiga ya cika maƙil, kuma sai sun sauka a hanya sun canja wani. Da jirgin ya tsaya Hatim ya kutsa gaba yana buɗa hanya, Abir ta bi shi riƙe da wayar Mujahida. Mujahida ta fito da jakunkuna har da jakar hannun Hajiya. Da ta waiga sai ta ga ba Hajiya. Tana can ciki, gwiwa ta riƙe ta, ta dafa ƙarfe tana ƙoƙarin miƙewa, sababbin fasinjoji na ta shiga. Ƙararrawa ta fara kaɗawa.

"Hatim!" Hayaniya ta haɗiye kiran.

Mujahida ta watsar da jakunkunan a ƙasa, ta faɗa cikin jirgin. Ƙofa ta rufe a bayanta. Ta gilashi ta hango Hatim ya juyo, bakinsa a buɗe, yana gudu a banza.

Jirgin mai dogon zango ne, ya yi ta wuce tashoshi bai tsaya ba. Gidaje suka ragu, duwatsu da gonaki suka fara bayyana. Hajiya ta damƙe hannun Mujahida.

"Innalillahi! Ina za a kai mu? Ina wayata? Wayyo Allah, mun ɓata!"

Da Hausa ta faɗa, tsantsarta, irin wadda Mujahida ba ta taɓa ji a bakinta ba.

"Ba mu ɓata ba, Umma. Duk inda ya tsaya mu sauka mu zauna. Ga ni nan, ba inda za ni."

Suka sauka a wata 'yar tasha, ruwa na zuba, ba kowa sai wani dattijon ma'aikaci. Ba waya, ba jaka, ba yaren da ya haɗa su da shi. Mujahida ta yi ta maimaita sunan tashar da suka rabu tana nuni da hannu. Ya gyaɗa kai, ya kai su ɗakin jira, ya kawo musu shayi mai zafi, ya koma ya ɗauki tarho.

Suka yi alwala a banɗakin tashar, suka ƙiyasta alƙibla, suka haɗa azahar da la'asar, Hajiya daga zaune. Bayan sun shafa Mujahida ta durƙusa tana matsa mata gwiwa. Ruwa na ta sauka a kan kwanon rufi.

"Ai kin riga kin fita," Hajiya ta ce can. "Na gan ki a waje. Me ya dawo da ke?"

"Ba zan iya barin ki ke kaɗai ba, Umma. Na san yadda yake."

Hajiya ta dube ta. Sai ga hawaye.

"Kin ɗauka son yawo ne ya kawo ni ƙasar nan? Ni da ko abincinsu ba na iya haɗiyewa? Tsoro ne. Tun da mahaifin su Hatim, Alhaji Mukhtaru, ya rasu, gidan nan ya yi mini faɗi. Abir na waya, gobe ta yi aure ta tafi. Hatim kaɗai ke zama ya saurare ni. Da kika zo sai na ga shi ma an ɗauke shi." Ta share ido da gefen mayafi. "Ban taɓa tsayawa na ce, ita fa wannan da uwarta ke wata ƙasa, wa take da shi ba."

Mujahida ta kifa kai a kan gwiwar da take matsawa, ta yi kukan da ta daɗe tana ɓoyewa. Hajiya ta ɗora hannu a kanta.

"Ya isa, Mujahida. Ya isa, 'yata."

Rana ta yi sanyi lokacin da wani jirgi ya tsaya, Hatim ya diro a guje, rigarsa sharkaf, Abir na bayansa idanu sun kumbura. Ya rungume mahaifiyarsa, sannan ya zube a gaban matarsa, bai damu da dattijon da ke kallo ba.

"Da na je ofishin tasha suka ce in nuna hotonku su tura," ya ce. "Na Ummi na samu nan take. Na shiga neman naki. Na bi hotunan tafiyar nan kaf, Mujahida, tun daga filin jirgi. Babu ke ko a ɗaya! Ma'aikacin na jira, ni ina ta ja, ina ta ja. Sai na ranar bikinmu na nuna masa. Wallahi ban taɓa jin kunyar kaina irin ta yau ba. Ki yafe mini."

Abir ta matso tana miƙa mata wayar da hannu biyu. "Anti, ki yi haƙuri. Ni ce na riƙe miki ita."

Mujahida ta karɓa, ta riƙe hannun Abir ɗin.

Washegari Hajiya ta ce gwiwarta na son hutu, Abir kuma za ta zauna ta kula da ita, ko tana so ko ba ta so. "Kai kuma ɗauki matarka ku tafi. Kada in ga ƙeyarku sai magariba."

A bakin otal Hatim ya mayar da waya aljihu. "Ina kike son zuwa?"

"Teku," ta ce. "Ban taɓa zama na kalle shi ba tare da ana sauri ba."

Suka tafi bakin tashar jiragen ruwa, suka zauna a kan benci suna kallon manyan jirage na wucewa a hankali. Nan ta faɗa masa komai, shi kuma bai katse ta ba. Ya ce ya ɗauka tunda ba ta ƙorafi, ba ta da damuwa. Ta ce shirun mace ba yarda ba ne ko yaushe. Da ya tambaye ta maganar Injamena, sai ta ce, "Za ni. Amma ziyara, kuma da kai."

Bayan sun dawo Makka, ran wata Juma'a Hajiya ta hauro da kanta ta ce Mujahida ta raka ta Harami. Suka shiga bas a Kudai, kafaɗa da kafaɗa. A harabar masallaci suka haɗu da wata tsohuwar ƙawar Hajiya, ta dubi Mujahida ta ce, "Wannan fa? Mai taimaka miki ce?"

Hajiya ta ƙara riƙe hannunta. "Wannan ita ce ta bar duk abin da ke hannunta ta dawo dominna a ƙasar da ba mai jin kukana. Matar Hatim ce, sunanta Mujahida. Ki riƙe sunan."

Daidai nan ladan ya ɗaga murya, sautin ya cika sararin. Mujahida ta lumshe ido, ta ji ta iso gida.

'Yan'uwa, mutum na iya zama a tsakiyar dangi kaɗaici na cinsa, ba wanda ya lura. Namiji ya sani, girmama uwa ba ya nufin mantawa da mata, kowacce da haƙƙinta, kuma za a tambaye shi. Uwar miji ta tuna cewa wadda aka kawo mata 'yar wasu ce, an rabo ta da nata. Ita kuma mace, haƙurinta ba ya hana ta faɗin abin da ke ranta cikin ladabi, ba ya kuma hana ta miƙa hannu ga wanda ya ƙi ta ranar da ya buƙace ta. Wanda ya yi haka, Allah ba ya barinsa shi kaɗai.