Mutum Biyu a Hoto Ɗaya

Dunƙulen zaren ulu ne ya haɗa su. Ya suɓuce daga jakar Sailuba a bakin Ƙofar Doka, ya yi ta gangara har ya tsaya a ƙafar wani saurayi mai kyamara rataye a wuya. Bahago ke nan, akawu a makarantar Kongo da ke nan garin, wanda in an tashi daga aiki ba shi da abin yi sai ɗaukar hoton ganuwa da marina.

Ya biyo zaren yana naɗewa har ya iso gabanta.

"Wa ake saƙa wa rigar sanyi?"

"Yaya Audu."

"Ya yi sa'a."

"Ya rasu a yaƙi. Shekara uku ke nan." Ta faɗa kamar mai gaya masa yau Talata.

Sai ya ce ko za ta yarda ya ɗauke ta hoto.

"Ɗauka. Ni duk ɗaya ne."

Tun ranar da sojoji suka kawo akwatin kayan Audu, gidan mahaifinsu, Malam Jibril, ya yi tsit. Ba wanda ya yi kuka. Malam ya koma kan littattafansa, Inna Hajo ta koma madafa, ita kuwa Sailuba ta kama rigar da ta fara wa yayanta. In ta kai wuya sai ta warware, ta sake farawa.

Ashe Rakiya, mai koya wa su Sailuba saƙa, yayar Bahago ce. Sati na zagayowa ta miƙa wa Sailuba sabon dunƙule. Da zaren ya ƙare sai ga takarda a tsakiya.

"Mai Ulu, na ɗauki hoto bakwai tun ranar nan, duk ba su gamshe ni ba. Idona ya saba da ke. Naki, Bahago."

Ta mayar da amsa a cikin wani dunƙulen.

"Mai Kyamara, kada ka wahalar da kanka. Ba na jin komai, daɗi ko zafi. Amma ka ci gaba da aiko da zare."

Ya ci gaba. Dunƙule tara, sannan ya tura manya da goro. Malam ya yamutsa fuska da ya ji sana'ar banzar da yaron ke yi bayan aiki, amma ya ce a ba shi lokaci.

A nan Sani ya shigo. Shi ne mai shagon wanke hoto inda Bahago ke kai fim, kuma sau biyu yana zuwa zance wurin Sailuba tana kallon bango har ya gaji ya tafi. Da ya wanke fim ɗin Bahago sai ya ga abin da ya sa shi rufe shago tun kafin azahar, ya nufi cikin birni wurin Malam.

Malam ya kira 'yarsa zaure, ya ajiye hoton a kan buzu. Ga Bahago zaune a bakin gadonsa da singileti. Ga Sailuba tsaye a gefensa, da saƙarta a hannu.

"Kin shiga ɗakinsa?"

"A'a, Baba."

"To wace ce wannan?"

Ta duba da kyau. "Ni ce. Amma ban shiga ba."

Kafin la'asar an mayar da goro. Kafin magariba zancen ya bi lungu-lungu. Washegari Rakiya ta kawo wa ƙanenta dunƙulen ƙarshe, tare da hoton.

"Na ce maka ba na jin komai. Wannan na ji shi. Kada ka ƙara aiko da zare."

Bahago ya ƙura wa hoton ido har ya hango ganuwa tana ratsa labulen ɗakinsa. Sai ya dafe kai. Tsohuwar kyamararsa, in an ɗauki hoto sai an murɗa fim ya matsa gaba. Abokinsa ya ɗauke shi a ɗaki da safen ranar da ya haɗu da Sailuba, bai murɗa ba, shi kuma ya ɗora hotonta a kai. Sani ya san haka sarai.

Ya je ya tsuguna a zauren Malam, ya yi bayani.

"Ƙarfe ba ya ƙarya, yaro. Mutum ke yi."

"Allah gafarta Malam, alfarma ɗaya nake roƙo. Gobe ka zauna kai kaɗai in ɗauke ka. In hoton ya fito da kai kaɗai, ba za ka ƙara ganina a unguwar nan ba."

Malam bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Amma sunan 'yarsa ne a bakin mutane.

"Ƙanena Jalo zai kai fim ɗin da hannunsa, wani shagon daban. A wanke a gabansa."

"Na yarda."

Abin da Malam bai sani ba, Rakiya ta riga ta aro wani ɗan ƙaramin hoto daga ƙarƙashin kwanukan Inna Hajo. Bahago ya jingina shi a baƙin zane, ya ɗauka. Bai murɗa ba.

Da hantsi Malam ya zauna a kan buzu, maƙwabta huɗu suna shaida babu kowa a gefensa. Ƙyas!

Jalo ya dawo da la'asar, ya miƙa wa Malam ambulan.

Ga Malam da rawaninsa. Ga Audu a damansa cikin kakin soja, yana murmushi, bangon zaure yana ratsa ƙirjinsa.

Malam ya daɗe yana kallo.

"Ranar da zai tafi," in ji shi, "ya ce, Baba, mu je a ɗauke mu tare. Na ce masa ba ni da lokacin wasa."

Sai ya fashe da kuka. Inna Hajo ta jiyo daga tsakar gida, ta fito ba mayafi. Sailuba ta leƙa ta kafaɗarta, ta ga fuskar yayanta, sai kukan shekara uku ya taso mata gaba ɗaya. Maƙwabta suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Da aka lafa, Malam ya share ido da bakin rawani.

"Sailuba, na zalunce ki. Ki yafe mini. Kai kuma, ka ce wa manyanka su dawo da goron nan."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Sani bai zo ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Ranar da ta tare, Sailuba ta fito da rigar sanyin, an gama ta har wuya. Bahago ya sa. Hannuwan suka rufe masa yatsu.

"Ta yi maka yawa, Mai Kyamara. Awon Yaya Audu ne."

"Bar ta haka, Mai Ulu. Yanzu me kike ji?"

"Komai," ta ce. "Har ya yi mini yawa."

Ya miƙa wa Rakiya kyamara, ya dawo ya tsaya a gefen matarsa.

"Tsaya!" in ji Sailuba. "Ka murɗa?"

"Na murɗa."

Dariyarta ce ta fito a hoton. Malam Jibril da kansa ya sa aka yi masa gilashi, ya rataye shi kusa da nasu shi da Audu. Duk baƙon da ya tsaya kallo sai ya ce masa, "'Ya'yana ne. Allah Ya jiƙan wancan, Ya albarkaci waɗannan."