Jan Zare a Ɗakin 'Yan Tsaki

Luba ta sayar da keken ɗinkinta ta zuba 'yan tsaki ɗari uku a wani ɗaki a gidansu na unguwar Sheshe. Cikin kwana huɗu saura arba'in. Ta kai ƙara, ta rantse guba aka sa musu, kuma sai ta ga an ɗaure mai hannu a ciki.

Sufeto Abdulbaƙi, da ya saba farautar 'yan daba, ya ji haushin a tura shi kan kaji. Haka ya tafi.

Luba ta tare shi a ƙofar ɗakin 'yan tsakin. "Ranka ya daɗe, tsoma takalminka a kwanon nan. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne."

"Kowa sai ya tsoma?"

"Kowa. Wanda ya ƙi ba ya shiga."

Likitan dabbobin da Sufeto ya zo da shi ya juya mushen. "Ba guba ba ce, cutar farin kashi ce. Ɗaki mai tsabta haka, shigo da cutar aka yi."

Sufeto ya tona dusar katakon da ke ƙarƙashin mazubin ruwa. Sai ga ruɓaɓɓen tsakon gida, da jan zare ɗaure a ƙafarsa.

A irin wannan gida kowace mace da alamar kajinta. Binta, matar wan Luba, ta ce nata shuɗi ne.

"Ja fa?"

"Ban sani ba," ta ce, idonta na kan ɗakin Gwaggo, tsohuwar da ta reni Luba.

Gwaggo ko gezau. "Kajina lafiya lau, ɗan nan."

Ya ɗaga akurkinta. Wayam, sai busasshen farin kashi da ƙullin jan zare.

"Ina suke, Gwaggo?"

Sai ta fashe.

"Sun mutu! Ni na tusa mataccen tsakon a ɗakinta. Gaban baƙi yarinyar nan ta hana ni shiga, wai sai na tsoma ƙafa. Ni da na wanke mata kashi tana jaririya, yau ni ce ƙazama?"

Ran Sufeto ya ɓaci ƙwarai. Ya gwammace 'yan dabarsa.

Luba ta durƙusa tana kuka. "Ranka ya daɗe, na janye ƙarar."

"A ofis ake janyewa, Malama."

Da aka zo fita da Gwaggo, sai ta tsaya a ƙofar ɗakin 'yan tsakin, ta zare takalmi, ta zura ƙafafu biyu cikin kwanon.

"To, Luba, na tsoma. Na tsarkaka?"