Ƙusoshin Alhaji Sahabi

Rana ta sunkuya bayan fadama, hayaƙin murhu ya kwanta a kan unguwa, kaji sun fara neman wurin kwana. A gidan Alhaji Sahabi, can ƙarshen Argungu inda gari ke gangarawa zuwa gulbi, matarsa Kulu tana tuƙa tuwon shinkafa. Ɗiyarsu Ɗayyaba, wadda ke koyon aikin jinya, tana zaune a gindin tsamiyar tsakar gida da waya a kunne, tana sauraron darasi. Babu iska, ko ganye ɗaya bai motsa ba.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki.

Kulu ta ɗaga kai, ta zagi yaran unguwa, ta koma kan tukunyarta. Wani ya sake faɗowa, ya gangaro har gaban murhu. Ta kai hannu za ta ɗauka, ta yi maza ta sake shi, don zafinsa ya fi na garwashin da ke gabanta. Can sama a jikin tsamiya, rautar Alhaji, na'urar da ke ba gidan wayifai, fitilunta kore suka rikiɗe suka yi ja. Ɗayyaba ta janye waya daga kunne a hankali.

"Inna," in ji ta, "jinjiri na kuka cikin wayag ga."

To, yadda rauta ta hau tsamiya, laifin mutum ɗaya ne. Alhaji Sahabi dillalin shinkafa ne, yana saye daga manoman Augie da Gulma yana tura wa masu inji. Harkarsa duk a waya take, gidansa kuwa a kwari, sabis ba ya shiga sai ya ga dama. Ga shi mutum ne mai wutar ciki, wanda in ya tambaye ka abu, kafin ka buɗe baki ya ba kansa amsa ya wuce. Ya tafi Birnin Kebbi, ya sayo rauta a shagon wani Mujtaba, ya zagaya da ita ɗaki ɗaki, babu labari. Da ya ɗaga ta sama a gindin tsamiya, sai ta kama.

Nan take ya kafa tsani, ya ɗauki guduma. Ladan yana kiran magariba. Goggo, ƙanwar mahaifinsa da ke zaune a gidan, ta ajiye butarta.

"Sahabi, sauko. Ba a buga ƙarfe jikin tsamiya, balle da almuru."

"Goggo, icce na hwa, ba mutum ba."

Ko bisimilla bai yi ba. Ya buga ƙusa, ya rataye rautar, ya yanka jarka ya kifa mata saboda ruwa, ya ja mata waya daga batirin sola.

Da an tsaya a nan, da sauƙi. Amma rautar farko a kulle take da layin kamfani ɗaya, kamfanin kuwa sabis ɗinsa a wannan kwarin sai a yi haƙuri. Ya mayar, ya karɓo mai cin kowane layi. Ita kuma ramukan bayanta ba su dace da ƙusoshin farko ba, sai ya buga sababbi. Wannan ta yarda da wayarsa, ta ƙi tsohuwar wayar Kulu sam, kwamfutar Ɗayyaba kuma ta kama ta saki, ta kama ta saki. Ya sake komawa, ya zo da wata ƙatuwa mai ƙahoni, wadda nauyinta sai manyan ƙusoshi. Garin bugawa ɗaya ta karye, kanta ya tashi, jikinta ya nutse cikin icce. Ya ja tsaki ya buga wata kusa da ita.

Duk zuwan da ya yi Birnin Kebbi, sai ya tara wa Mujtaba jama'a a bakin shago, yana kiransa macuci mai kayan bola. Mujtaba ya jona rautar a gabansa, ta kama garau, ya nuna masa. Alhaji ya ce ai ƙarya fure take. Bai taɓa tsayawa ya lura ba cewa a gidansa ma lafiya lau take wuni. Da rana ta faɗi ne take mutuwa.

Daga yammacin da dutsen farko ya faɗo, jifa bai sake fashi ba. Da an kira magariba sai duwatsu su fara sauka, masu zafi, ba daga waje ba, daga sama. Maƙwabta suka hau katanga suka duba, ba su ga kowa ba, suka daina aiko yaransu gidan. Duk wanda ya kira Alhaji a wannan lokaci, sai ya tambaye shi wane yaro ne ke tsala kuka haka kusa da shi. Kulu ta koma yin girki tun la'asar, ta kulle kanta a ɗaki. Gidan ya yi shiru irin wanda ba na zaman lafiya ba.

Ɗayyaba ta fara dafe kunnuwa. Ta ce ƙara take ji, kamar ana buga guduma can ciki. Aka kai ta asibiti, aka haska, aka ce babu komai. Ta daina zuwa makaranta, ta daina cin abinci, daga baya ta daina magana. Da almuru ya yi sai ta tashi ta je ta tsaya gaban tsamiya, ta dafa goshinta a jikin icce, ba mai iya ɗaga ta. Alhaji yana son yarinyar nan fiye da ransa, kowa ya sani, ita kaɗai Allah ya bar masa. Amma tsoronsa faɗa yake zama. Ya yi wa Kulu faɗa, ya yi wa likita faɗa, ya ce shawara ce ta kama ta.

Ranar da ya kama hannunta zai ja ta ɗaki, ta juyo. Idanun nata ne, amma kallon ba nata ba ne. Murya ta fito daga bakinta, ta tsohuwar mace, a shaƙe.

"Sake ni, mai guduma."

Ta hankaɗe shi da hannu ɗaya, ƙato kamar Alhaji, sai ga shi zaune a ƙasa. Goggo ba ta nemi shawarar kowa ba. Da gari ya waye ta aika Gulma a kira Malam Abdussamadu.

Malam ya iso bayan la'asar. Ɗan tsoho ne siriri, mai sanyin murya, babu jaka babu layu, carbi kawai. Ya tsaya ya daɗe yana kallon tsamiya, da ƙusoshin da ke jikinta, da ruwan da ke tsattsafowa daga raminsu, baƙi ƙirin. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin, aka kwantar da Ɗayyaba, Kulu da Goggo suka riƙe ta. Sannan ya dubi mai gida.

"Alhaji, abu guda nika roƙo. Komi ka ji, komi ka gani, kada ka tanka mata. Da ni za ta magana."

"Na ji, Malam."

"Ji daban, yi daban. Ka yi shiru."

Ya fara karatu a hankali. Inuwar icce ta yi tsawo, ta hau katanga. Tsuntsayen da ke dawowa kwana suka zo daidai gidan suka karkace. Jikin yarinya ya fara rawa, yatsunta suka ƙandare, sai ta saki wata ƙara da ta sa Kulu salati.

"Dakata! Kana ƙona ni!"

"Wa ke nan?"

"Mai gida. Tun ba a aza tubali ko guda nan ba nike cikin iccen ga."

"Mi yarinya ta yi miki?"

"Tambayi ubanta." Idanun suka juya suka sami Alhaji. "Ɗana na kwance, jinjiri, shina barci. Wanga ya zo da almuru, ba sallama, ba sunan Allah, ya buga ƙarfe ya shiga kunnen ɗana. Ban ce komi ba. Ya dawo ya ƙara. Ya dawo ya ƙara. Kuma ya rataye min akwati bakin ƙofa, dare da rana maganar duniya na ratsa ɗakina. Ciniki, waƙa, zagi. Na kashe, shi sawo wata. Wane irin mutum na wanga?"

Alhaji ya buɗe baki, Goggo ta harare shi, ya rufe.

"An zalunce ki," in ji Malam. "Amma wanda ya yi daban, wadda kika kama daban. Za a cire abin da aka sa miki. Ke kuma ki fita."

"Shi hidda su. Da hannun da ya buga."

Alhaji ya hau tsani da filaya. Ya fizge rautar ya yar, ta fashe a ƙasa. Ya shiga zare ƙusoshi, baƙin ruwa na bin gwiwar hannunsa. Duk wadda ta fito sai yarinya ta yi ajiyar zuciya. Ya zo kan wadda ta karye. Babu kan da filaya za ta kama. Ya tona da wuƙa, ya ƙwaƙula, ƙusa sai ƙara nutsewa take. Zufa ta jiƙa masa riga.

"A ba ni gatari," in ji shi.

Kafin ya rufe baki duwatsu suka zubo a kan kwano kamar ƙanƙara. Ɗayyaba ta banƙare, ta kusa kuɓuce wa matan biyu.

"Gatari? Ka ji shi ko, Malam? To wannan ita ta cikin kunnen ɗana. Tunda ba ta hita, ɗana ya kurumce ke nan. Ni ko sai na tahi da kunnuwan ɗiyatai. Zan hita, amma ba ta ƙara jin komi har ta mutu."

"Ba ki tafiya da ko gashinta ɗaya," in ji Malam. "Ba ciniki na zo yi ba."

Ya ɗaga murya da karatu. Wannan ɗan tsohon, wallahi ba ka ce daga ƙirjinsa sautin ke fita ba. Aljana ta yi ihu, ta yi zagi, ta yi barazana, ta ce za ta ƙone gidan. Can muryarta ta fara dusashewa, jifa ya tsagaita, zagi ya koma magiya. Goggo, da ta ga irin wannan a rayuwarta, ta gane an kusa. Kaɗan ya rage ta fita hannu banza.

Ita ma aljanar ta gane. Sai ta bar Malam, ta juya wurin da ta san katanga ta fi gajarta. Jini ya ɓullo daga kunnen Ɗayyaba, siriri, ya gangara kan tabarma. Muryar tsohuwa ta ɓace, ta yarinyar ta fito, ƙarama, a wahale.

"Baba, zafi. Baba, ka taimake ni."

Malam bai tsaya da karatu ba, amma ya ɗaga hannu ya yi wa Alhaji alama. Ina! Mutumin da bai taɓa jiran komai ba a duniya, yau ga jinin ɗiyarsa a gabansa. Tsoro ya cika shi, tausayi ya karya shi. Ya diro daga tsani.

"Ɗauki nawa! Ni na buga, ɗauki nawa ki bar ta!"

"Alhaji!" Malam ya daka masa tsawa.

Bakin yarinya ya yi murmushi, muryar tsohuwa ta dawo. "Naka tsohhi na, sun sha hayaniya. Guda bai isa ba. Duka biyu."

"Kada ka amsa! Ta riga ta..."

"Na yarda!"

Malam Abdussamadu ya runtse ido, carbinsa ya tsaya a hannu. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce a hankali. "Da bakinka ka ba ta, Alhaji. Wannan ba ni da iko a kai."

Aljana ta yi dariya, gajeriya, marar daɗi. "Na bar muku iccen. Ku zauna lahiya, in kun iya." Babban yatsan ƙafar Ɗayyaba ya girgiza, ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki.

Kulu ta rungume ta tana kuka. Goggo ta shafa mata ruwa a fuska. Jim kaɗan yarinya ta buɗe ido, ta dubi uwarta, ta dubi baƙon tsohon da ba ta sani ba, ta tambaya me ya faru. Kulu ta raɗa sunanta can ƙasa ƙasa don ta gwada, ta amsa nan take. Malam ya miƙe a gajiye, ya nemi buta, don ladan ya fara kira.

Alhaji yana durƙushe inda ya diro. Ya ga Malam ya nufi alwala, ya ɗaga kai ya dubi sama, yana mamakin me ya hana ladan kiran salla yau. Ya ga bakin Kulu a buɗe, hawaye na zuba, kafaɗunta na rawa. Ya rarrafo kusa da tabarma. Ɗayyaba ta miƙo hannu ta kama nasa, leɓunanta suka motsa.

"Ta yi magana?" ya tambaya da ƙarfi, har Goggo ta firgita. "Kulu, ku gaya mani, ta yi magana?"

Ɗayyaba ta sake cewa, "Baba, ga ni." Ta ɗaga murya ta sake. Shi kuwa yana ta kallon bakinta, yana jira ta fara.