Kwanso Ɗaya a Cikin Ganga

Da hantsi Glenys Tuohy ta tarar da karyarta a bakin madatsar ruwa, harsashi ya shiga ta bayan kafaɗa. Tess ce, jar karyar da ta shekara tara tana kora mata tumaki tun rasuwar mijinta. Glenys ba ta yi kuka ba. Ta lulluɓe ta da riga, ta kira 'yan sandan garin Cunnamulla.

Saja Narelle Pascoe ta duba raunin, ta bi ta inda harbin ya fito. Taku ɗari da hamsin, a gindin wata bishiya, ta ga shatin gwiwa a jar ƙasa. Kewaye da shi an shafa ƙasar da tafin hannu, dama da hagu, faɗin tabarma guda. Kwanson harsashi kuwa babu shi.

Likitan dabbobi ya ciro harsashin ya ce mai lamba 223 ne. Wannan bai rage mata aiki ba, don rabin gidajen yankin suna da irin bindigar.

Ta fara da Trev Haack, maƙwabcin Glenys, wanda suka sha cacar baki da ita kan shinge.

"An ce ka rantse sai ka harbe Tess."

"Na faɗa, a mashaya ma na faɗa. Na kuma ce zan harbe surukina, ga shi can yana cinye min nama."

"Ina kake da asuba?"

"Kasuwar shanu, a garin Roma na jihar nan. Kwana biyu na yi."

Ta buga waya. Mutum uku suka ce sun gan shi, biyu daga ciki ma ba sa shiri da shi.

Sai Darcy Wendt, mai sana'ar harbin kangaru. Ta leƙa bayan motarsa, kwansaye a watse kamar tsakuwa.

"Kana tsince kwansonka in ka yi harbi?"

"Ni? In durƙusa a ƙasa saboda kwanso? Haba Saja, na kanti nake saya. Wanda ya faɗa mota nakan tara wa tsoho Merv a bokiti, shi ne mai lokacin wahalar sake ɗura su."

Sunan da Narelle take gudun ji ke nan tun safe. Merv Kessell yana da shekara saba'in da shida, shi Glenys ta ba izinin kashe karnukan jeji masu cinye mata 'yan raguna, kuma shi ya koya wa Narelle riƙon bindiga tana 'yar shekara sha huɗu. Bai da mata, bai da ɗa. Bindigoginsa da rumfar da yake ɗura harsashi su ne duk abin da ke tayar da shi da safe.

Tun daga ƙofar gidan Merv ta ji gangar goge kwanso tana juyawa. Ta san ƙarar nan sarai: a zuba niƙaƙƙiyar totuwar masara, a juye kwanso ɗari uku, ganga ta wuni tana shaa kamar ruwan sama a kan rufin kwano, tagulla ta fito tana ƙyalli. Yau ba haka take ji ba. Ƙwas ɗaya, sai shiru, sai wani ƙwas.

"Wa nake gani kamar Saja?" in ji Merv. "Shigo 'yar nan, ruwan shayi na wuta."

"Ka fita yau, Merv?"

"Ina zan je da wannan gwiwar?"

"Me ke cikin ganga?"

"Kwanso, mana. Da gurasa kike tsammani?"

Ta kashe injin, ta juye totuwar a rariya, ta girgiza. Kwanso ɗaya tak ya rage, fes kamar sabo.

"Kai ka taɓa ƙwace min shayi don na kunna gangar nan da kwanso hamsin. Ka ce ƙasa da ɗari uku ɓarnar wuta ce."

Ta ɗaga kwanson, ta ci gaba.

"Trev yana Roma. Darcy ba ya tsintar kwanso. Wanda ya harbi Tess ya durƙusa ya nemi nasa, ka ga mai sake ɗurawa ne. Amma tagulla a jar ƙasa da safe, mai ido ganinta zai yi ya ɗauka. Wannan lalube ya yi, Merv. Yaushe idon ya fara?"

Tsohon ya zauna a kan akwati. "Bara. Tsakiyar abu nake rasawa, gefe-gefe nake gani. Na hango ja a bakin ruwa, na ce ga ɗan banzan karen jejin da ya cinye wa Glenys raguna. Sai da na je na taɓa wuya na ji abin wuya. Ta lashi hannuna, Narelle. Ta san ni."

"Me ya hana ka jefa kwanson a ruwa?"

"Shekara hamsin ban taɓa yar da ko ɗaya ba. Na zo gida na kasa mayar da shi cikin 'yan uwansa da baƙin hayaƙin nan a jikinsa. Ba ɓoyo nake ba. So na yi ya fita."

Abin da ya fi ci wa Narelle rai ba ta faɗa masa ba. A watan Fabrairu ya zo ofis da takardar lasisin bindiga, ya sa hannu a layin da ba shi ba. Ta gani ƙuru-ƙuru. Ta ɗora yatsa a wurin da ya dace, suka yi dariya, ya tafi. Tausayi ta kira abin a lokacin, yau kam ta san tsoron ɓata masa rai ne kawai. Da ta buɗe baki ranar, da Tess tana bayan tumaki yanzu.

Ta rubuta lambar bindigoginsa biyar ta kulle su a motarta, ta karɓi makullin tasa motar. Bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa.

"Ki kai ni wurin Glenys. Kada ta ji a bakin hukuma."

Sun tarar da ita tsaye a ƙofar shinge, shebur a hannu. Merv ya sauko, ya cire hula, ya gyara tsayuwa.

"Glenys, ni ne na yi," ya ce. Amma tankin ruwa yake fuskanta, taku uku daga inda take.

Narelle ta kama kafaɗarsa a hankali ta juyo da shi.